Shayin kanumfari: guda nawa ake sakawa, minti nawa ake dafawa, kuma wa ya kamata ya ƙyale shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina shan shayin kanumfari saboda kumburin ciki da yawan mura. Kullum da safe nakan ɗebi cikin babban cokali, wani lokaci har da tozo, in zuba a tukunya in bar shi yana tafasa sai ruwan ya yi baƙi, in raba shi uku, safe da rana da dare. Kwanan nan harshena yana yin nauyi bayan na sha, ga ƙwannafi da ban saba da shi ba. Na fara ba mahaifiyata ma, ita kuma tana shan maganin tsinka jini tun da ta yi ciwon zuciya. Yaya ake dafa shi daidai? Kuma babu laifi a sha kullum?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da maganar Mama, domin ita ce ba ta jira. Ki dakatar da ba ta wannan shayin daga yau. A cikin kanumfari akwai wani sinadari da ake kira yujinol, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yana hana ƙananan ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni manne wa juna. Maganin da take sha, ko wafarin ne, ko asfirin, ko kilofidogirel, dama aikinsa ke nan: rage wa jini saurin daskarewa. Likitanta ya auna adadin da zai kare zuciyarta ba tare da ya jefa ta cikin zubar jini ba, kuma ya auna ne bai san da kofi uku na kanumfari mai kauri a bayan fage ba. Ki duba ta da kyau yau. Dasashinta yana jini idan ta goge baki? Akwai shatin kwanciyar jini a hannu ko cinya ba tare da ta bugu ba? Haɓo? Fitsari ja, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta? Idan kin ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti za ku nufa ba tare da jiran ranar ganin likita ba. Idan ba ki ga komai ba, alhamdulillahi, amma duk da haka a gaya wa likitan abin da ta sha da tsawon kwanakin da ta yi tana sha. In wafarin take sha, akwai gwajin da ake yi na auna saurin daskarewar jini, zai so ya maimaita shi. Kada kuma a taɓa maganin nata, a rage ko a daina, sai da izininsa.

To, mu dawo kanki. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma ni ma ina shan shayin kanumfari, ina son sa ƙwarai, don haka ba zan ce ki rabu da shi ba. Abin da ya same ki ya samu mutane da yawa da suka zo mini da irin wannan ƙorafin: an ɗauki kanumfari kamar ganyen shayi, ana ɗibarsa da cokali. Kanumfari ƙirga shi ake yi. Uku, huɗu, in ya yi yawa biyar, a kofi ɗaya.

Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ɗora a tafin hannunki ki dube ta. 'Yar sanda ce mai launin ƙasa-ƙasa, a samanta ƙananan tsinaye huɗu sun rungume wani ɗan dunƙule. Wannan dunƙulen fure ne da bai kai ga buɗewa ba. Ana tsinke shi da hannu daga bishiya lokacin da ya fara juyawa daga kore zuwa ja-ja, a shanya shi a rana kwanaki kaɗan har ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku ne na Indonesiya, daga baya ta bazu zuwa Zanzibar da Pemba da Madagaska da Sri Lanka, sunan ma da muke kiransa da shi daga ƙaranful na Larabci ya samo tushe. Abin da ya sa na ce ki dube shi shi ne, jikin wannan 'yar sandar cike yake da ƙananan jakunkunan mai. Kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyin busasshen kanumfari mai ne zalla, kuma da wuya ki samu wani kayan ƙamshi da ya kai shi a wannan fanni. A cikin man kuwa, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 yujinol ne. Shi ne ƙamshin, shi ne yajin, shi ne kuma wanda yake sa harshe ya yi nauyi, domin yana dusashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Likitocin haƙori sun fi shekara ɗari suna kwaɓa shi da wani farin gari na zinc suna cike kogon haƙori na wucin gadi. Warin nan da yake tarbar mutum a ɗakin likitan haƙori, sau da yawa shi ne. Nauyin da harshenki yake yi, ke nan, ba alamar magani yana aiki ba ce. Alama ce cewa abin ya kai ƙarfin da zai kashe fatar baki, kuma da wannan ƙarfin yake gangarawa maƙogwaro da tumbi.

Ga lissafin, don ki ga ba tsoratarwa nake yi ba. Kwamitin masana na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade abin da mutum zai iya ci na yujinol kullum, tsawon rayuwarsa, ba tare da fargaba ba: miligiram 2.5 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 60, miligiram 150 ke nan a yini. Ƙwayar kanumfari ɗaya ba ta cika kaiwa kashi ɗaya cikin goma na giram ba, kuma yujinol ɗin da ke cikinta bai wuce miligiram 10 zuwa 15 ba. Guda huɗu, ko da duk abin da ke cikinsu ya fita cikin ruwa, ba su wuce miligiram 60 ba, kuma ba duka yake fita ba. Babban cokali kuwa yana ɗaukar kusan giram 6, ƙwaya sama da hamsin, wato yujinol miligiram 700 ko fiye. Ko sulusinsa kawai ya rage a ruwan da kike sha, kin riga kin haye layin, kuma kin yi kwana sittin kina hayewa. Wannan adadin na miligiram 150 ba bakin rami ba ne da in an wuce shi sau ɗaya za a faɗi, an bar tazara mai yawa a cikinsa. Amma an yi shi ne daidai don irin halin da kike ciki, na abin da ake sha yau da gobe.

Sai maganar barin sa a wuta har ya yi baƙi, wadda nake so in ɗan daɗe a kanta, domin nan ne kusan kowa yake kuskure. Lokacin da muke ɗalibai, an sa mu tatsar man kanumfari a ɗakin gwaji. Muka ɓarza shi, muka zuba a tulun gilashi da ruwa, muka kunna wuta, tururin yana bi ta wani bututu mai sanyi yana ɗiga a wani mazubi. Abin da yake ɗigowa fari ne, kamar madarar da aka tsinka da ruwa, saboda ƙananan ɗigon mai da ke yawo a cikinsa. Ɗakin duk ya gauraye da ƙamshi, har a rigunanmu muka tafi da shi. Da aka gama, na leƙa tulun da aka dafa a ciki. Ruwa ne baƙi-baƙi mai kauri, ƙamshinsa ya ja baya sosai, kuma shi muka zubar a magudana. Tun ranar na fahimci abin da ke faruwa a tukunyar da aka bari a buɗe. Yujinol shi kaɗai ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 254, amma idan yana tare da ruwa mai tafasa, tururi yana ɗaukarsa ya tafi da shi. Duk ƙamshin da ya cika miki gida lokacin da kike dafawa, daga kofinki aka cire shi. Abin da doguwar tafasa take ƙara fitarwa kuwa shi ne tanin, sinadarin da ke kawo bauri da duhun launi, irin wanda yake sa baki ya bushe idan an sha shayin da ya daɗe a wuta. Ke da yake kin zuba da yawa sosai, kin haɗa biyun: yujinol ɗin da ya rage ya isa ya kashe harshe, ga tanin mai yawa a kai, kuma da safe cikin da babu komai kike zuba wa. Ƙwannafin bai zo da mamaki ba. Idan ma tukunyar ta baƙin ƙarfe ce ko ta fara tsatsa, wani ɓangare na baƙin daga nan yake, domin tanin da ƙarfe in suka haɗu baƙi suke bayarwa, da haɗinsu ma ake yin tawada a da. Launin da ake nema a shayin kanumfari shi ne ruwan zuma mai haske, wanda za ki iya hango gindin kofi ta cikinsa.

Yadda nake yin nawa babu wuya. Ruwa kofi ɗaya da ɗan ƙari, kamar mililita 300, domin wani zai tafi a tururi. Kanumfari guda huɗu. In ɗora su a faranti in danne kowanne da bayan cokali har in ji ya ce ƙas, ba dakawa ba, fasawa kawai, don ruwa ya samu hanyar shiga jakunkunan man. In ruwan ya tafasa sai in zuba, in rufe, in rage wuta ta koma can ƙasa yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan ba zaɓalɓala ba. Minti biyar. In sauke, in bar shi a rufe wasu minti biyar. Idan za ki buɗe, ki lura da gumin da ya taru a cikin murfin, ki karkata shi ya koma tukunya. Ki shinshina murfin sau ɗaya za ki gane dalili, ya fi ruwan kansa ƙamshi. Sai a tace a sha. Wanda ba ya son ɗora tukunya, ya zuba fasasshen kanumfarin a kofi, ya kwarara tafasasshen ruwa a kai, ya kifa ƙaramin faranti a bakin kofin, ya ba shi minti goma. Wannan ya fi sauƙi a ciki, ga wanda yake farawa ma shi na fi so.

Garin kanumfari ban cika ba da shawararsa a shayi ba. Na farko, ƙaramin cokali ɗaya na gari ya kai giram 2, daidai da ƙwaya ashirin da wani abu, kuma ido ba ya ganin yawansa. Na biyu, gari yana bin ruwa ya wuce rariya, don haka ba jiƙonsa kawai ake sha ba, har da shi kansa. Na uku, da zarar an niƙa shi mansa ya fara gudu, bayan wata shida sai ki tarar da launi babu rai, kuma a gari ne aka fi cakuɗa ƙararen kanumfari da wanda aka riga aka tatse. In shi kaɗai ne a hannu, abin da yatsu biyu za su ɗan tsakura ya isa kofi.

Tunda na ambaci wanda aka tatse, bari in gaya miki yadda ake gane mai kyau, don ba girin-girin ba, ta yi mai. Ki danna farce a jikin sandar. Mai kyau zai nuna ɗan maiƙo a inda farcen ya shiga, ƙamshi ya bugi hancinki nan take. Ko ki jefa 'yan ƙwayoyi a kofin ruwa: mai mai a jiki zai nutse ko ya tsaya a tsaye, kai sama, sanda ƙasa, wanda ya tsufa ko aka tatse mansa sai ya kwanta a saman ruwa kamar tsinke. Ki nemi mai kai a jiki, mai kumari, launin ƙasa mai ɗan ja, kan ya fi sandar haske. Wanda ya yamushe, ya yi baƙi ƙirin, ko yake warin gumi da funfuna, a bar shi. A ajiye a kwalbar gilashi mai murfi, nesa da murhu da hasken rana, zai yi shekara da ƙarfinsa. Wannan yana da alaƙa da ƙirgar da na ce a yi: guda huɗu na mai kyau sun isa, kuma sau da yawa tsohon kanumfari mara ƙamshi ne yake koya wa mutum ɗiba da cokali, ranar da ya samu sabo kuma hannu ya riga ya saba.

Abin da za a haɗa da shi, wannan ya danganta da baki. Ɗan yankan ɗanyar citta kamar faɗin farce yana tafiya da shi sosai, a saka tare tun farko. Ɗan ɓallin kirfa yana kawo zaƙi-zaƙi har mutum ya rage sukari. Na'a-na'a a ƙarshe ake jefa ta, bayan an sauke, amma ke a yanzu ki bar ta, domin tana sassauta bakin tumbi ta ƙara ƙwannafi. Lemon tsami ma bayan an tace, za ki ga launin ya washe nan take. Zuma sai ya ɗan huce. Madara tana kwantar da kaifinsa fiye da komai, saboda yujinol ya fi son maiƙo a kan ruwa, sai ya shige cikin kitsen madarar ya daina cizon harshe. Idan da ganyen shayi za ki haɗa, kanumfarin ya riga shi shiga, ganyen ya biyo baya a minti uku na ƙarshe, in ba haka ba bauri biyu za su haɗu. Abin da ba na so shi ne a tara kayan ƙamshi shida bakwai a tukunya ɗaya, kowanne da yawa, a ce ai duk magani ne. Ranar da ciki ya ɓaci ba za a san wanne ne ya jawo ba.

Kuma a bar shi ya sha iska kafin a kai baki. A 2016 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi. A shayin kanumfari abin ya fi buƙatar kula, domin yana dusashe jin zafi, mutum zai iya ƙona bakinsa bai ankara ba sai daga baya.

Wasu suna jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana. Babu laifi, yana fitowa da sauƙin bauri. Ƙirgar dai ita ce, huɗu ko biyar a kofi, a rufe, a saka a firji, a shanye cikin yini guda. Kada a ce ai kanumfari yana kashe ƙwayoyin cuta don haka ruwansa ba ya lalacewa. Ɗan abin da ke cikin kofi bai kai ya tsare ruwa kwana uku a ɗaki mai zafi ba. Haka wanda aka dafa aka zuba a fulas, na yini ne.

Kin tambaya ko a sha kullum. Ga baligi mai lafiya, wanda ba ya shan wani magani na dindindin, kofi ɗaya a yini irin wanda na kwatanta ba abin damuwa ba ne, biyu ma a kwanakin mura. Bayan cin abinci ya fi, ba da sassafe kafin a karya ba. Mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwayar ƙarin jini, domin tanin yana riƙe sinadarin ƙarfe ya rage abin da hanji zai tsotsa. Ni dai ban mayar da shi farilla ba. Nakan sha idan maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, ko na ci abu mai nauyi da dare, ko don marmari kawai, sai in yi kwanaki ban waiwaye shi ba.

Me yake yi da gaske? Yana lallashin maƙogwaro mai ciwo, ɗumi da ɗan kashe zafin da yake yi sun haɗu, in aka kurkura da shi kafin a haɗiye ma ya fi. Tururinsa yana ɗan buɗe hanci na wani lokaci. Mutane da yawa suna jin iska ta faɗa bayan sun sha shi a kan cin abinci, kuma an daɗe ana amfani da shi don haka. Yana gyara warin baki. Tun zamanin daular Han a ƙasar Sin, sama da shekara dubu biyu da suka wuce, an ruwaito cewa fadawa sukan saka shi a baki kafin su yi magana da sarki. A kan kashe zafi a baki akwai bincike mai kyau: a 2006 a Kuwaiti an gwada man shafawa na kanumfari a dasashin mutum 73 kafin a tsira musu allura, ya rage zafin daidai da benzoken, maganin da likitocin haƙori suke shafawa. Waɗannan amfanoni ne na gaske, kuma sun isa a so shi dominsu.

Abin da yake damuna shi ne kayan da ake ɗora masa a intanet. Za ki ji an ce yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma gaskiya ne man kanumfari yana kashe su a farantin gwaji, inda ake ɗiga shi kai tsaye a kansu. Amma abin da kika sha a kofi hanji zai tsotse, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da mafi yawansa a fitsari cikin yini guda, ba ya taruwa a jini da ƙarfin da ya yi aiki a faranti. Shayin kanumfari ba ya maye gurbin maganin ciwon sanyi, ko na mafitsara, ko na taifod. A kan suga, binciken da aka fi yawan ambata an yi shi ne a Indiya, aka buga a 2019, a kan mutum 13 kacal, da wani tataccen sinadari na kanumfari miligiram 250 a yini na kwana 30, ba shayi ba, kuma babu rukunin da aka kwatanta su da shi. Wannan somin-taɓi ne na bincike, ba dalilin ajiye magani ba. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, in zai sha, ya sha mara kauri, ya riƙa auna sugansa. Narkar da tumbi, kawo haihuwa, wanke mahaifa, duk waɗannan ban ga hujjar da zan tsaya a kanta in gaya miki ba, don haka kada ki ɓata cikinki a kansu. Kuma tunda maganar ta zo, masu shawartar mata su yi tsarki ko matsi da ruwan kanumfari mai kauri suna jawo musu ƙuna da bushewa, suna kuma kashe ƙwayoyin da ke tsare wurin. Abin da ya sa harshe ya yi nauyi, ki ƙiyasta abin da zai yi wa fatar da ta fi harshe laushi.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ki riƙe ko da kin manta sauran: man kanumfari na kwalba ba a ɗiga shi a shayi. Mililita ɗaya tak tana ɗauke da yujinol kusan miligiram 800, kusan daidai da abin da ke cikin babban cokalinki gaba ɗaya. Ya fi ruwa nauyi kuma ba ya gauraya da shi, sai ya kwanta a gindin kofi ya jira kurɓin ƙarshe. A 1993 likitoci a Ingila sun wallafa labarin yaro ɗan shekara biyu da ya sha tsakanin mililita 5 zuwa 10, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ke nan: ya suma, ya yi ta jijjiga, jininsa ya ƙi daskarewa, hantarsa ta taɓu sosai, da ƙyar aka ceto shi. Na taɓa ganin wani bawan Allah da ya jiƙa auduga sharkaf da man ya cusa a gefen haƙori ya kwana da ita. Da ya buɗe mini baki da safe, dasashin da cikin kumatun sun yi fari fat sun saɓule kamar an zuba musu tafasasshen ruwa, ga haƙorin yana nan da kogonsa. Idan akwai irin wannan kwalbar a gidanki, ki ɗaga ta inda hannun yaro ba zai kai ba, yau ɗin nan.

Bayan masu shan maganin tsinka jini irin Mama, akwai waɗanda nake ce wa su tsaya a kan ɗan abin da ake sakawa a girki kawai. Mai ciwon hanta, domin hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa yujinol. Mai matsalar zubar jini tun asali, da macen da al'adarta take zuwa da yawa. Wanda za a yi wa tiyata ko cire haƙori ya daina mako biyu kafin ranar, ya kuma faɗa wa likita. Mai juna biyu da mai shayarwa, ɗanɗanonsa a abinci ba komai, amma kada a mayar da shi abin sha na kullum. Ƙananan yara ba na ba su, jarirai kuwa ko kusa, kuma zuma ma ba a ba wanda bai cika shekara ɗaya ba. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya jira sai ya lafa. Duk wanda ya sha ya ga leɓe ya kumbura, ko ƙuraje sun feso, ko bakinsa ya yi ta ƙuna, jikinsa bai karɓa ba, ya haƙura da shi.

Ke yanzu abin da nake so ki yi shi ne ki ajiye shi gaba ɗaya na mako ɗaya ko biyu, cikinki ya huta. Nauyin harshen zai tafi da kansa, ƙwannafin ma ina sa ran zai bi shi. In komai ya daidaita, ki dawo da guda uku a kofi, sau ɗaya a yini, bayan abinci, tukunya a rufe. Za ki ji kamar bai ji ba a kwana biyun farko, saboda bakinki ya saba da mai kauri. Ki ba shi lokaci, za ki fara jin wani ɗan zaƙi da ƙamshi mai kama da na 'ya'yan itace da baurin ya daɗe yana rufe miki.

Amma kumburin ciki na wata biyu da bai ji wannan duka ba, ya cancanci a duba shi. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a tumbi tana kawo gyambo da kumburi, ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, kuma maganinta na kwana 10 zuwa 14 ne. Wani kuma madara ce cikinsa ba ya narkarwa, wani bayan gida ne ba ya fita yadda ya kamata. In akwai rama ba dalili, ko amai, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, ko idanu sun yi rawaya, kada ki jira makon ya cika. Murar da take dawowa a kai a kai ma, musamman in da atishawa da ƙaiƙayin ido take zuwa ba zazzaɓi, sau da yawa ƙura ce ko wani abu da hanci ba ya so, kuma maganinta daban ne.

Mama kuwa, in ta saba da ɗan abu mai ɗumi a hannu kuma za ta yi kewarsa, ki ba ta ruwan ɗumi da ɗigon lemon tsami da zuma kaɗan, in ba ta da suga. Kada ki musanya mata da citta mai yawa ko kirfa, su ma ana taka-tsantsan da su ga mai shan maganin tsinka jini. Ranar da za ku je asibiti ki tafi da kwalayen magungunanta duka, da ɗan kanumfarin a ƙulle, da cokalin da kike awo da shi, likitan ya ga adadin da idonsa. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ki ladan kula da ita.